Baba Sale Mai Jamus da Maganar da Na Faɗa a Kaset

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Sale Mai Jamus ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni. Ina tsaye a ƙofar ɗakin karatu na jami'a, ban ma kai ga shiga ba, waya ta yi ƙara. Faisal ne, babban ɗansa. Da Larabci ya yi magana kamar yadda ya saba. Ya ce babansu ya cika jim kaɗan bayan sallar asuba, za a sallace shi a Haramin Madina bayan la'asar, daga nan sai maƙabartar Baƙi'a. Sannan ya ƙara da Hausarsa da ba ta cika fita ba: "Ka zo, Malam Nasiru."

Na zauna a kan matakala, na daɗe ban tashi ba.

Ina rubuta wannan ne kafin lokacin salla, don in na bari sai an dawo daga maƙabarta na san kaina, ba zan rubuta ba. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

Duk wanda ya yi karatu a Madina a shekarun casa'in ya san shi. Waɗanda ba su san shi ba kuma, ga shi a taƙaice. Ɗan ƙasa ne, a nan aka haife shi. Kakansa ya taso daga Damagaram da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana aikin gona a hanya, ya iso ya yi Hajji, bai koma ba. Baba Sale bai taɓa ganin ƙasar Hausa da idonsa ba, amma in ya buɗe baki sai ka ɗauka jiya ya baro Zinder, sai dai a tsakiyar zance Larabci ya shigo.

Sana'arsa nama. Naman bauna, wanda a nan ake kira jamus.

Naman yana zuwa a daskare daga Indiya cikin kwalaye, ya fi na shanu araha. A lokacin masu abinci da yawa suna amfani da shi, amma ba mai faɗa, sai a niƙa a haɗa a kira shi naman shanu. Baba Sale shi ne ya rubuta a allon shagonsa na unguwar Sultana da manyan baƙaƙe cewa nan naman jamus ake sayarwa. Aka yi masa dariya, aka ce ya kori kwastoma da hannunsa.

Bai kore su ba. Ya gano cewa naman ba shi da kitse, kuma in aka yanka shi fale-fale tun bai gama sakin ƙanƙara ba, aka bar shi ya kwana cikin yajin ƙuli, ba abin da ya kai shi karɓar wuta. Matarsa Hajiya Zainabu ce ke haɗa yajin a gida, har yau ba wanda ya san duk abin da take zubawa. Tsire yake yi, wanda Larabawan nan ke kira siriya, da farfesu, da shinkafa bukhari da nama a kai. Daga baya da Faisal ya matsa masa ya ƙara boga, burodin nan mai nama a tsakiya, ya ce to amma ita ma sai an barbaɗa mata yaji.

Tebura ne na roba, akwai ɓangaren maza, akwai na iyali da labule. Babu wani ƙawa. Kafin ƙarshen shekarun casa'in shago ɗaya ya zama uku: Sultana, Bani Harisa, da Sih, duk allo iri ɗaya, da zanen kan bauna mai ƙahoni a kwance.

Ni na san shi a watana na biyu a garin nan. Na zo daga Funtuwa, abincin jami'a ya ƙi zama a cikina, na rame, kewar gida ta kama ni yadda ko karatu ba na ganewa. Wata ranar Alhamis da rana ina yawo a Sultana ba tare da na san inda za ni ba, sai na ji ƙamshin ƙuli a kan wuta. Na tsaya a bakin shagon kamar wanda aka kira sunansa.

Wani dattijo baƙi, dogo, da farar riga da tawul a kafaɗa, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan ina ne?"

Na ce Funtuwa.

Ya ce, "Ban san ta ba, amma na ga yunwarta a fuskarka. Shigo, ya waladi, zauna ɗana."

Ya kawo tsire da kansa, ya zauna kusa da ni har na gama. Bai tambaye ni komai ba sai sunan mahaifiyata da ko tana da rai.

Tun daga ranar na zama ɗan gida.

Da mahaifina ya rasu ina tsakiyar jarrabawa, ban samu zuwa ba. Baba Sale ya rufe ɓangaren iyali na kwana uku, ya sa aka kwashe tebura aka shimfiɗa darduma, ya ce a nan zan karɓi gaisuwa. "Mutum ba ya zaman makokin ubansa a ɗakin ɗalibai," in ji shi. Shi ya zauna a damana yana amsa gaisuwa kamar ƙanin mahaifina.

Da na yi aure na kawo iyalina, haihuwarta ta fari ta zo da wahala, ba uwa ba ƙanwar uwa a kusa. Hajiya Zainabu ta zo gidanmu ta yi mata duk abin da uwa ke yi wa 'yarta, kuma kullum da hantsi sai kwanon farfesun bauna ya iso da zafinsa har aka yi arba'in. 'Yar da aka haifa ɗin sunanta Zainab.

Na faɗi waɗannan ne don ku san irin mutumin da na yi wa abin da zan faɗa yanzu.

Wasu daga cikinku da ke karanta wannan suna wurin, kun san ba ƙarya nake ba.

Ina shekarar farko a digiri na biyu, karatun fiƙihu ya fara shiga kaina, ina jin kaina. Muna da zama da muke yi duk Alhamis bayan la'asar a gidan ɗaya daga cikinmu, wani ya yi 'yar lakca, a yi tambayoyi, a ɗauka a kaset a raba wa waɗanda ba su zo ba. Ranar ni ne mai magana, a kan yanka da sharuɗɗansa. Wani ya tambaya game da naman da ake shigowa da shi daga waje.

Da na tsaya a abin da na karanta, da ba komai. Amma na ga idanu a kaina, na so a ce ina da tsantseni. Sai na ce, "Wa ya ga yankan? Takarda kowa na iya bugawa. Ni dai don kiyaye addinina na bar cin naman nan na Sultana."

Ƙarya nake. Shekaranjiyar ranar na ci tsire a can, Baba Sale da kansa ya ƙaro min albasa.

Ban ambaci sunansa ba, amma ba wanda bai gane ba. Mai naman jamus ɗaya ne a Sultana da ya yarda ya rubuta a allo.

Kaset ɗin ya yi yawo fiye da yadda na zata. Ya bar hannun ɗalibai ya shiga hannun masu yi wa alhazai jagora, ya shiga gidajen 'yan ƙasa. Kafin wata biyu maganar ta sauya kama. Na ji da kunnena a harabar Harami wata mata tana ce wa 'yar uwarta, "Wani malami a jami'a ya ce naman Mai Jamus mushe ne." Ina tsaye kusa da su, na wuce ban gyara mata ba.

Lokacin Hajji ya zo, lokacin da alhazanmu ke cika shagunansa har a rasa kujera. Shekarar kujerun suka zauna babu kowa. Waɗanda ke sayar da irin naman a ɓoye da sunan na shanu, su ba abin da ya same su.

Baba Sale ya zo gidana wata rana bayan azahar, cikin zafin nan da ko kyanwa ba ta fita. Ya hau bene hawa uku da ƙafarsa, yana haki, riƙe da wani koren fayil. Na kawo ruwa, ya sha. Ya buɗe fayil ɗin a kan darduma.

Takardun shaida ne na kowace shigowar kaya, a jere. A ƙasansu kuma hotuna. Shi ne a tsaye a mayanka a Indiya, da takalmin roba, kusa da mahauta Musulmi masu hula da gemu. Ashe tun kafin ya buɗe shagon farko ya sayi tikiti ya je da kansa, ya yi kwana tara, ya tsaya ya ji bisimillar da kunnensa, ya yi salla da su. Daga baya ma ya sake komawa.

Ya ce, "Ni ban yi karatu ba, ya Nasir. Amma na san zan tsaya gaban Allah a kan abin da na sa a bakin mutane. Shi ya sa na je."

Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Kullum kana shagona. Da ka tambaye ni."

Bai ɗaga murya ba. Ya tattara hotunansa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar takwarar Hajiya, ya sauka.

Na yi masa alkawari a bakin ƙofa cewa zan gyara. Abin da na yi shi ne na faɗa wa mutum biyar ko shida a ɗakin wani abokina, a cikin hira, cewa na bincika naman ba shi da matsala. Ban sake ɗaukar kaset ba, ban tsaya a gaban zaman Alhamis na ce na yi kuskure ba. Tsoro nake kada a ce Malam Nasiru ya janye fatawarsa saboda farantin tsire. Sunana nake karewa.

Shekarar da ta biyo aka rufe reshen Bani Harisa.

Mai gashin wannan reshe sunansa Adam, asalinsu daga Chadi, mutum mai 'ya'ya shida. Tun ranar da aka kunna wutar farko a shagon yake wurin. Baba Sale ya yi ƙoƙarin riƙe shi, amma sauran rassan biyu ma da ƙyar suke numfashi. Adam ya kwashe iyalinsa ya koma garin Yanbu neman aiki. Na ji labari a bakin mutane cewa babbar 'yarsa ta bar makaranta a wannan shekarar. Ban bincika ba. Ban so in sani ba.

Daga nan na daina bin Sultana. In ina da buƙata a can sai in zagaya ta wata hanya. Iyalina ta yi ta tambaya me ya haɗa ni da Baba, ina cewa karatu ne ya yi yawa. Hajiya Zainabu ba ta daina aiko wa takwararta kayan salla ba, ko shekara ɗaya ba ta tsallake ba.

Kusan shekara tara muna gari ɗaya. Mota ba ta wuce minti goma sha biyar tsakanin gidana da nasa.

Sannu a hankali kasuwar ta dawo, mutane suka manta, sababbin ɗalibai suka zo da ba su taɓa jin kaset ɗin ba. Faisal ya karɓi shagunan biyu, ya sa sababbin kujeru da firiza babba. Reshen Bani Harisa dai bai sake buɗewa ba, yanzu wurin gyaran taya ne.

Wata biyu da suka wuce na haɗu da Faisal bayan sallar Juma'a. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya riƙe hannuna ya ce babansa ba lafiya, ƙoda ce, ana yi masa wankin jini sau uku a mako. Ya ce, "Yana tambayarka."

Na je washegari da hantsi, gidansu na Sih.

Na same shi a kishingiɗe a falo, ya rame har tawul ɗin da ke kafaɗarsa ya fi ƙarfin kafaɗar. An hana shi nama, an hana shi gishiri. Ya nuna min kwanon dafaffen kabewa da ke gefensa ya yi dariya. "Dubi Mai Jamus, dubi abin da yake ci."

Na durƙusa a gabansa. Duk maganar da na shirya a mota ta ɓace. Na ce, "Baba, na zalunce ka. Na yi maka ƙarya, na yi alkawari ban cika ba. Ka yafe min."

Ya dafa kaina. Hannun ba nauyi.

Ya ce, "Halas, ya wuce, ya waladi. Ni na yafe tun ranar da na sauko daga benenka. Kai ne ka ƙi zuwa."

Na yi kuka kamar ba malamin da ake kira ya yi wa mutane wa'azi ba. Hajiya Zainabu ta leƙo daga ƙofa, ta koma ciki.

Ya bari na yi shiru, sannan ya ce, "Amma akwai abin da ba zan iya yafe maka ba, don ba nawa ba ne. Ni shago na rasa, Allah ya bar min biyu. Adam gari ya rasa. Ka neme shi."

Ya sa Faisal ya rubuta min lambar Adam a bayan wata takardar asibiti.

Da zan tafi ya ce in kawo masa Zainab ya gan ta, an ce ta yi tsawo. Na ce in sha Allahu mako mai zuwa. Mako ya zo ya wuce, sai jarrabawar ɗalibai, sai gyaran babin ƙarshe na bincikena, sai wannan sai wancan. Ban kai ta ba. Yau da na koma gida na faɗa musu, ita ce ta fara tambaya, "Abba, ba ka ce za mu je ba?"

Takardar kuma tana cikin aljihun jakata wata biyu. Na ciro ta ya fi sau goma, na danna lambar har ƙarshe sau biyu, na kashe kafin ta shiga.

Ɗazu bayan na tashi daga matakalar nan na kira Adam.

Ya ɗauka, ina jin ƙarar mota da iska. Ya riga ya ji, yana hanya daga Yanbu. Na faɗi sunana.

Sai ya ce, "Malam Nasiru na kaset?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "To." Sannan ya ce, "Yanzu ina tuƙi. Mu binne shi tukuna."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, kuma ba ni da bakin neman ya gaggauta. Nan da 'yan sa'o'i za mu tsaya sahu ɗaya a bayan gawar mutumin da ya ciyar da mu duka biyun. Ban san abin da zan ce masa a ƙofar Baƙi'a ba. Ban san abin da ya sami 'yarsa da ta bar makaranta ba, yau zan tambaya, kuma duk amsar da ya ba ni dole in tsaya in ji ta.

Saura abu ɗaya, wanda ya kamata in yi tun Baba Sale yana da ƙafar hawa bene.

Ni Nasiru, ina shaida wa duk wanda ya taɓa jin wannan kaset, ko ya ji a bakin wanda ya ji: abin da na faɗa ba gaskiya ba ne. Ban bincika ba kafin in yi magana, kuma ban daina cin naman ba a lokacin da na ce na daina. Naman Baba Sale halal ne, yankan Musulmi ne, ya je ya gani da idonsa, ni kuma na ga shaidar da nawa idon. A duk masu sayar da nama da na sani a garin nan ban san wanda ya kai shi tsoron Allah a kan abin da yake sayarwa ba. Wanda ya daina zuwa shagonsa saboda maganata, laifin a kaina yake.

Abokan zaman Alhamis, na san yawancinku kun koma gida, wasu a Kano, wasu a Sakkwato, wasu a Maraɗi, da yawa kuna da majalisi da ɗalibai. Don Allah ku isar da wannan inda kaset ɗin ya isa. In akwai mai sauran kwafi a cikin kayansa, ya lalata shi. Kuma ina roƙo kada kowa ya shigo kwament ya yaba min a kan na faɗi gaskiya. Na faɗe ta ne a ranar da mai ita ba zai ji ba.

Ya Allah, bawanka Salihu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa a cikin maƙwabtan Manzonka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya ciyar da baƙo, ya zaunar da maraya, ya faɗi gaskiyar abin da ke cikin tukunyarsa a lokacin da faɗin ya jawo masa asara. Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna. Ka sanya ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka ba Hajiya Zainabu da Faisal da ƙannensa haƙurin rashinsa, ka sa albarka a abin da ya bari.

Ya Allah, ka musanya wa Adam da iyalinsa abin da suka rasa ta dalilina da mafi alheri.

Wanda ke Madina, salla bayan la'asar ce, ku zo mu cika masa sahu. Wanda ke nesa, don Allah kada ka wuce wannan rubutu ba ka yi masa addu'a ba, ko da ba ka taɓa cin tsirensa ba. Ku ambace shi da sunansa a sujada, Salihu ɗan Idrisa.

In kun gama tasa, ku saka ni a ƙarshe. Ina da buƙata.